Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke da Hurumin Tsawatar wa Masu Batsa?

Wasiƙun da suka zo min a wannan watan kusan duk a kan magana ɗaya suke, sai na zaɓi huɗu. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gajiya, ya iyali? Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, a Gwammaja nake. Ranar Laraba wayata ba caji, sai na ɗauki ta ɗana mai shekara 14 zan kira ƙanwata. Abin da na gani a ciki har yau na kasa faɗa wa babansa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, muna da Hukumar Tace Fina-finai, muna da Hisbah, ɗan fim ko hannun 'yar fim ya riƙe sai an kira shi, amma wannan ƙazantar tana shigowa har ɗakin yara ba mai cewa uffan. Gwamnati ba ta da iko ne, ko kuwa ba ta ga dama ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Kafin mu je ga gwamnati, ki daure ki faɗa wa babansa, ku zaunar da yaron ku biyu, ba da bulala a hannu ba. Akwai tambaya ɗaya da nake so ku yi masa, zan zo kanta.

Iko dai akwai shi a rubuce. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, amma sashe na 45 ya ce ana iya yin dokar da za ta taƙaita wannan 'yancin saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko kare tarbiyyar jama'a. To sai dai ba a hannu ɗaya aka damƙa ikon ba, kuma ƙarfinsa ya danganta da hanyar da abin ya biyo ya iso gare ki. Wanda ya biyo ta rediyo daban, wanda ya biyo ta fim daban, na cikin waya kuma shi ne ya fi kowanne santsi.

Na fi sanin rediyo, domin shekara goma sha ɗaya na yi a wani gidan rediyo a nan Kano kafin in koma karatun lauya. Cikin aikina har da sauraron shirye-shiryen da aka biya kuɗi kafin a sa su. Ba na mantawa da wani mai maganin gargajiya da ya kawo shirinsa na minti goma sha biyar. Na sa abin sauraro a kunne ina bi ina yankewa, da na gama minti shida ne suka rage. Ba wata gaɓa ta jikin namiji ko mace da bai kira sunanta ba, har da kwatance, wai don mai basir da mai sanyin mara su gane ciwonsu. Ya zo ofis da babbar riga yana ta faɗa, shi ya biya kuɗinsa, kuma ai ilimi ba kunya. Na ce masa ƙarfe huɗu na yamma za a sa shirin, lokacin da yara suka taso daga Islamiyya, uwa tana tsakar gida tana tankaɗe, rediyo a kan turmi, surukarta na zaune a gefe. Ban ci nasara a kansa da wannan maganar ba. Abin da ya sa manajanmu ya goyi bayana shi ne tsoron takarda daga NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin.

Wannan hukuma ta NBC ta tarayya ce, an kafa ta a 1992 zamanin Janar Babangida, ita ke da kundin ƙa'idojin watsa shirye-shirye, ta hannunta lasisi ke fitowa. Gidan rediyo yana da adireshi, yana da eriya da kowa ke hange, yana da zangon da aka ba shi aro. Wanda ya ba ka aro kuwa yana iya karɓe abinsa. Shi ya sa rediyo da talabijin suka fi kowa ladabi.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan. A Amurka, inda suke ji da 'yancin magana, a 1973 wani magidanci yana tuƙi da rana tare da ƙaramin ɗansa, sai ya ji wani gidan rediyo ya saki maganganun ashar. Ya kai ƙara hukumar sadarwarsu ta FCC, magana ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a 1978 ta ce gwamnati na da hurumin tsawatarwa. Hujjarta ita ce rediyo yana faɗo wa mutum har cikin gida ba sallama, kuma yaron da bai iya karatu ba ma yana da kunne. Har gobe a can ba a sakin irin waɗannan kalamai a tashoshin da kowa ke kamawa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. A Ingila ƙarfe 9 na dare ne iyakar a talabijin. Amma Kotun Ƙolin Amurkan dai, da aka kawo mata dokar 1996 da ta nemi yi wa intanet irin wannan takunkumi, a 1997 ta soke sassan, ta ce intanet ba ya kutso wa mutum kamar rediyo, sai wanda ya je ya nema. A lokacin maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yau kuwa, Hajiya, ke shaida ce cewa abin ne ke neman yaro. Ya buɗe TikTok don kallon ƙwallo, ya ɗan dakata a kan wani bidiyo na daƙiƙa biyar, shi ke nan manhajar ta gane, gobe ta kawo masa goma.

Fim kuma tsarin mulki ya yarda tarayya ta tace, jiha ma ta tace. Tarayya tana da hukumarta tun 1993. Kano ta kafa tata a 2001, a zangon farko na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, bayan ƙaddamar da shari'a a 2000. Tana iya riƙe 'yan fim ne saboda ta san inda suke: ofisoshinsu na Zoo Road, a da kuma kasuwarsu na Ƙofar Wambai. Ko a watan Mayun 2025 da ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 kan rashin kawo su a tace, har da waɗanda a YouTube ake sakin su, abin da ya ba ta dama shi ne masu yin su a garin nan suke kwana.

Ki tuna abin da ya faru a 2007. Bidiyon batsa na wata 'yar fim da ya tayar da ƙura a shekarar ba fim ba ne, da wayar hannu aka ɗauke shi, daga waya zuwa waya ya yaɗu, bai taɓa bi ta teburin kowace hukuma ba. Amma da hukunci ya tashi, masana'antar fim ce ta sha: aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo ya shugabanci hukumar tacewa, aka shiga kame da gurfanarwa. Masu ɗaukar hoto da masu kwalliya da direbobi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka zauna ba aiki, bidiyon kuwa yana nan yana yawo. An bar jaki ana dukan taiki. Tun daga ranar na fahimci cewa hukuma tana damƙar wanda hannunta ya kai gare shi ne, ko da ba shi ne ya fi ɓarna ba.

Waya da intanet ba sa hannun gwamnan Kano ko kaɗan. Harkar sadarwa ta tarayya ce, hukumar NCC ke kula da kamfanonin layi. Hisbah za ta iya gayyatar 'yar TikTok da ke zaune a Hotoro, ta yi mata nasiha ko ta miƙa ta kotu a ƙarƙashin dokokin jiha, kuma tana yi. Shafin da ke wata ƙasa fa, wa za ta aika wa sammaci? A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin wani ɗan majalisa daga Katsina, Dalhatu Tafoki, na a umarci NCC ta toshe shafukan batsa. Ina goyon bayan a toshe, domin zai rage wa ƙananan yara faɗawa ciki da tsautsayi. Amma kada mu yaudari kanmu. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, na je Farm Centre gyaran waya, na tarar da yara a tsaye a bakin rumfuna suna kiran mutane, "Alhaji zo a sa maka VPN." Manhaja ce da ke buɗe maka shafin da aka toshe, cikin minti biyu an gama, ka biya 'yan canji ka tafi. Wata bakwai da aka yi, abin da aka koya wa matasa ke nan, yadda ake tsallake katanga.

Saboda haka amsar tambayarki biyu ce a haɗe. A can nesa ikon gwamnati gajere ne. A nan kusa kuwa tana da iko, sakaci ne ya yi yawa. Mai maganin da na hana shiga rediyo, washegari sai ya ɗaura lasifika a kan mota ya tsaya a bakin kasuwa ya faɗi abin da ya fi wanda na yanke, mata na wucewa suna sunkuyar da kai. Wannan ba ya buƙatar izinin Abuja, dokar laifuka ta Final Kod ta daɗe da haramta batsa a bainar jama'a da sayar da kayanta. Haka shagunan tura fina-finai da ke lungunanmu. Da yawansu sana'arsu tsaf suke yi, amma akwai masu ajiye wata ma'ajiya ta daban a kwamfuta, wadda sai yaro ya yi ƙasa da murya ake buɗe masa.

Ga tambayar da za ku yi wa yaron: a ina ya samu? Yaro ɗan shekara 14 ba kasafai yake da kuɗin data mai yawa ba. Sau da yawa aboki ne ya tura masa ta Xender, ko a shago aka zuba masa. In shago ne, ku sanar da mai unguwa da ofishin Hisbah na yankinku, wannan kam hannu yana kaiwa. Sannan a sa masa Family Link a wayar, manhaja ce ta Google kyauta da ke ba iyaye damar taƙaita abin da yaro zai buɗe da lokacin da zai yi yana riƙe da ita. In dare ya yi kuma wayar ta kwana a ɗakinki.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni marubuciya ce daga Ɗorayi, shekarata 23, ina sakin littattafaina shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. An ce min wai Hukumar Tace Fina-finai tana da ikon karanta littafi kafin ya fita. Littafin da nake rubutawa a kan yarinyar da mijin yayarta ya lalata ne. In na kai musu ai cewa za su yi batsa ce. Wannan ba tauye haƙƙi ba ne?

AMSA: 'Yata, Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Cikakken sunan hukumar ai har da ɗab'i a ciki, dokarta ta shafi littattafai, kuma rigimar da kike tsoro ta girme wa rubutunki. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a a garin nan da sunan gyaran tarbiyya, a 2008 kuma marubuta suka yi ta kai ruwa rana da hukumar kan batun rajista. Ban ji daɗin ƙona littattafan nan ba a lokacin, yau ma ban canza ba. Cikin waɗanda aka yi wa kuɗin goro akwai littattafan da suka koya wa dubban matan aure karatun boko a cikin ɗakunansu, suka yi maganar auren dole da zaluncin kishiya tun ba mai iya furtawa a rediyo.

A wajena littafi ba ɗaya yake da rediyo ba. Ba ya faɗo wa kowa a kunne, sai wanda ya iya karatu, ya nema, ya zauna ya buɗe. Don haka abin da ya dace da shi shi ne a bar marubuci ya fitar, a rubuta shekarun wanda ya kamata ya karanta, in ya ƙetare iyaka a kai shi gaban alƙali ya kare kansa. A ce sai wani jami'i ya karanta ya sa hannu kafin jama'a su gani, wannan ƙofa ce da in aka buɗe ta, ba a kan batsa kaɗai za ta tsaya ba.

Amma ke ma ki faɗi gaskiya, kin san abin da ake yi a wasu zaurukan WhatsApp. Ana sakin shafi goma kyauta, in an zo daidai wurin sai a ce a tura kuɗi a shiga zauren manya, kuma ba mai tambayar shekarun wadda ta turo. 'Yan sakandare ne cike a ciki. Waɗannan su ke jawo muku baƙin jini, kuma ƙungiyoyin marubuta ne ya kamata su fara tsame kansu daga gare su tun kafin hukuma ta zo ta haɗa ku ta ɗaure da igiya ɗaya.

Labarinki kuwa ki rubuta shi. Ana yin wannan ta'asa a gidajenmu ana rufewa da sunan rufin asiri. Ma'aunin da zan ba ki shi ne ki tambayi kanki a kowane shafi: mai karatu zai tashi da tausayin yarinyar nan da ƙyamar abin da aka yi mata, ko zai tashi da sha'awa? Za ki iya rufe ƙofar ɗakin, ki nuna mana fuskarta da safe lokacin da yayarta ke tambayarta me ya sa ba ta ci abinci ba.

TAMBAYA: Malam, ni direban a-daidaita-sahu ne daga Kurna. Kullum ina jin ku 'yan boko kuna cewa kotu, kotu. Me zai hana a ba gwamnati wuƙa da nama ta rufe duk abin da ta ga bai dace ba, a huta? Ko kuna goyon bayan 'yan iska ne?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya. Ba na goyon bayansu, ina da 'ya'ya mata uku. Abin da nake gudu na gan shi da idona ne.

A 2015 aka yi dokar laifukan intanet. Sashe na 24 ya haramta tura saƙon batsa, amma aka cusa masa wasu kalmomi masu faɗi, irin su saƙon da ke ɓata rai ko cin fuska ko damun wani. Ka san su wa aka fi kamawa da shi? 'Yan jarida da matasan da suka soki masu mulki. Har kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin magana, sai a 2024 aka yi masa gyara aka rage masa faɗi. A watan Afrilun 2025 NBC ta hana gidajen rediyo da talabijin sa wata waƙa, ta ce ba ta dace da kunnen jama'a ba, alhali abin da ke cikinta kukan tsadar rayuwa ne da sukar shugaban ƙasa. A nan Kano, a watan Nuwamban 2022, kotu ta sa an yi wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da sharar harabar kotu, ba don sun yi tsiraici ba, don sun taɓa gwamnan lokacin ne. A daidai wannan lokacin masu rawar banza da zagin iyayen juna suna nan suna tara mabiya.

Kai da kanka, ranar da aka ƙara muku kuɗin haraji ko aka hana ku bin wani titi, ina kuke kai kuka? Gidan rediyo kuke cika, ku kira waya a shirin safe, ku ɗauki bidiyo ku sa a Facebook. In aka ba wani ofis ikon rufe duk abin da "bai dace ba" ba tare da an fayyace mene ne bai dace ba, ranar nan muryarka ce za ta zama ba ta dace ba. Wuƙar da ka ba shi don ya yanka maka rago, ba ka da tabbacin inda zai juya ta in ransa ya ɓaci.

Shi ya sa na ji daɗin hukuncin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a watan Mayun 2023, inda ta ce NBC ba kotu ba ce, ba za ta zama ita ce mai ƙara, ita ce alƙali, ita ce mai karɓar tara ba. Maganar ta taso ne daga tarar naira 500,000 da ta ci tashoshi 45 kowacce a 2019. Ni da na ci moriyar tsoron NBC a kan mai maganin nan, ina so hukumar ta yi ƙarfi. Amma ta rubuta laifin ƙarara yadda kai da ni za mu gane, ta kawo hujja, wanda ake zargi ya yi bayani, alƙali ya yanke. Shari'ar Musulunci ma da muke taƙama da ita ba ta yarda a hukunta mutum ba shaida ba, ba ta kuma yarda a leƙa gidan mutane ana neman laifi ba.

TAMBAYA: Malam don Allah ka rufa min asiri. Wanda muka yi soyayya da shi muka rabu yana da hotunana da bai kamata ba. Ya ce in ban tura masa dubu hamsin ba zai watsa su. An sa ranar aurena bayan Sallah. Ba na iya barci.

AMSA: 'Yata, ki share hawayenki, ki saurare ni da kyau. Duk cikin wasiƙun nan taki ce wadda doka ta fi tsayawa a kanta da ƙafa biyu. Abin da yake yi laifi ne a dokar laifukan intanet, laifi ne a Final Kod, laifi ne a shari'a, kuma shi ne mai laifin da za a tuhuma.

Kada ki tura masa ko sisi, wanda aka ba sau ɗaya sai ya dawo. Kada ki goge saƙonninsa. Ki ɗauki hotonsu yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, har da lambar asusun da ya turo, ki adana a wata wayar. Ki daina ba shi amsa. Ki samu babba ɗaya a gidanku da kika yarda da shi, ko inna ko yaya ko gwaggo, ki faɗa masa yau. Na san wannan ne ya fi miki nauyi, amma duk ƙarfin mutumin nan a kan shirunki ya dogara. Ku je tare wurin 'yan sanda ko Hisbah, ko ku nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Kano, suna karɓar irin wannan ƙara kuma sun san yadda ake bi ba tare da an tallata sunanki ba. In kin kai shekara 18, akwai shafin StopNCII da ke taimakawa a toshe hotunan a Facebook da Instagram da TikTok tun kafin a ɗora su, kuma hoton ba ya barin wayarki, wata alama ce kawai ake cirowa daga jikinsa.

Ki sake rubuto min bayan kun je, in ji inda aka kwana.